Launin da Na Yi wa Baba Alkawari

Littafin da na rubuta waɗannan abubuwa a ciki ya ɓata. Na bar shi a ɗakinmu na unguwar Mayo a Hartum ranar da muka fita, a ƙarƙashin katifa, da na koma kuwa ko katifar ban tarar ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa daga ka yake, kaina kuma ban yarda da shi sosai ba. Mai yiwuwa na cuɗa shekara ɗaya da wata, ko na sa a bakin Baba maganar da Inna ce ta yi ta. Inda nake shakka zan faɗa. Inda na yi shiru ma kada a ɗauka na tabbata.

Baba baduku ne. A ƙarƙashin wata baranda a kasuwar Suk al-Arabi yake zama, tsakanin wani dattijo mai gyaran agogo da wata mai shayi, yana ɗinka markub, takalmin fata da mazan ƙasar nan ke sawa da farar jallabiya. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya tsaya tsintar auduga a yankin Jazira na Sudan don ya haɗa guzurin ƙetare teku, yana cewa baɗi zai wuce. Yana cewa baɗi har aka binne shi a nan. Abin da ya bar wa Baba shi ne basilla da wuƙar yankan fata da sanin rini. Baba yakan ce da mu, cikin dariya, gidanmu gidan baɗi ne.

A jikin ginshiƙin da yake jingina akwai wani shafin kalanda da ya manna tun ina firamare. Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Libiya ne ya ba shi, cikin kayan da yake shigowa da su daga waje. Shekarar kalandar ta daɗe da wucewa, ya yage sauran watannin ya bar wannan. Hoton wani daji ne na ƙasar sanyi, a bakin tabki, ganyen duk ya juye: wani ja, wani rawaya, wani ruwan goro, sun zuba a kan ruwa. Ba ƙasar ce ta dame shi ba, bai taɓa tambayar sunanta ba. Launin yake kallo da idon mai rini. Yakan nuna da kan basilla ya ce wannan jan karan dafi ne, wannan ya fi kusa da garura, wannan ruwan ɗorawa ne da aka bari ya kwana. Ya ce duk wanda ya haɗa waɗannan a fata ɗaya ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba, gwani ne.

Ni kuma ilimin gandun daji na karanta a jami'a, ni ce ta farko a gidanmu da ta kai nan. Na gama, aiki bai samu ba, ina koya wa yaran unguwa darasi da yamma. Tun daga ranar da na kawo takardar shaida Baba bai ƙara kiran sunana ba, sai Ustaza.

Wata rana na kai masa abincin rana na tarar yana goge ƙurar hoton da gefen rawaninsa.

Ya ce, "Ustaza, ke da kika karanta itatuwa. A ƙasar nan muna da irin wannan?"

Na ce, "To, Baba, ya danganta da abin da ake nufi da irin wannan."

Mai gyaran agogo ya ɗago da gilashinsa a ido ɗaya, ya ce da Baba da Larabci, "Ka ji ko, Haj? Shekara biyar ka ciyar da ita don ta ce maka ya danganta." Haj yake kiran Baba, don tsokana, ya san babu wanda ya taɓa ganin Makka a zuriyarmu.

Baba ya ce, "Kai dai gyara agogonka da ba ya tafiya. Ustaza, akwai ko babu?"

Na ce akwai wani abu mai kama da shi, a wasu wurare, a wani ɗan lokaci, amma sai na duba.

"To duba. In kin samu ki kai ni. Sau ɗaya ya isa."

Na ce na yi alkawari. Wannan na tuna shi sarai, don ba na yawan furta kalmar.

A watan ne, ko wanda ya biyo, na raka shi wurin likitan ido, saboda ya fara karo da mutane daga gefe a tashar mota. Likitan ya ce ruwa ne ya taru a cikin idon yana danne jijiya. Ya ba da magani na ɗigawa. Da Baba ya fita baranda, ya tsayar da ni ya ce, tunda na yi karatu, gara in sani: maganin yana rage gudun ciwon ne kawai, ganin zai riƙa ƙanƙancewa daga gefe zuwa tsakiya, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Na tambaye shi shekara nawa. Ya ce ba zai iya faɗa ba. Na yaba masa a raina da bai faɗi abin da bai tabbata ba. Ina so a riƙe wannan: na sani tun daga farko.

Sai na sayi littafi mai baƙin bango, na roƙi katin samfurin launuka a wani shagon fenti, na fara yawo. Haka aka koya mana, ba ka cewa itace yana yin kaza a wata kaza sai ka bi shi ka rubuta, kuma shekara ɗaya ba hujja ba ce.

Abin da na samu, gwargwadon yadda nake tunawa, ga shi. Darbejiya, wadda a nan muke ce wa nim, tana yin rawaya ta zubar, amma sai ƙarshen sanyi, kuma a kowane lungu take, ba wanda zai hau mota don ya gan ta. Manyan maɗatai na titin bakin kogin Nilu sabon ganyensu yana fitowa da ja-ja kamar tagulla, sai dai yana can sama, sai ka ɗaga kai har wuya ya yi ciwo. Gawo a gaɓar Umdurman, garin da ke ƙetaren kogi, yana tsaye tsirara duk damina, sai kowa ya fara bushewa shi kuma ya yi kore, abin sha'awa ne amma ba shi Baba ya tambaya ba. Wurare biyu ne suka tsaya mini. Na ɗaya tsibirin Tuti, inda akwai wani layin itatuwan da 'yan Sudan ke kira baraziliya, masu ganye faɗin tafi biyu, wanda ke juyewa ja wur kafin ya faɗi. Na biyu Dajin Sunut, a bakin Farin Nilu, dab da inda koguna biyu suke haɗuwa.

Sunut ita ce bagaruwa. Da damina kogi yakan shiga dajin ya tsaya har ƙugun itatuwa. In kaka ta shigo, ruwan ya fara ja, sai ka ga rawaya ta rufe saman dajin, tana zuba a kan ruwan da ya rage, tsuntsaye farare suna taku a ciki. Dole in faɗi gaskiya, yawancin rawayar nan fure ne, ƙanana kamar 'yan dunƙulen auduga, ganyen da ya juye kaɗan ne a ciki. Wannan ya daɗe yana damuna, don Baba ganye ya ce. Amma daga nesa ba mai rabewa.

Abin da ban sani ba sai da na ba shi labarin wurin, shi ne Baba ya fi shekara talatin yana wuce dajin nan. Duk mako yana hawan hafila, wato motar bas, ya ƙetare gada zuwa Umdurman sayen fata, dajin yana ƙasa ta taga. Da 'ya'yan bagaruwa mahaifinsa ya yi jima, warinsu ya tashi a ciki. Bai taɓa sauka ba. Na tambaye shi dalili, ya ce wurin rihla ne, wato fita shan iska, ta masu mota da tabarma da rago. Mutum irinsa in ya zauna a gindin itace ba da aiki a hannu ba, sai wani ya zo ya tambaye shi abin da yake nema da inda aka haifi kakansa.

Nan na yi kuskuren, kuma a rubuce na yi shi, da rula. Na ja layi biyu a littafin, ɗaya na rawayar Sunut, ɗaya na jan Tuti. Rawayar tana ƙarewa a kaka, jan yana farawa da shigowar sanyi. Na ƙudurta cewa lallai akwai mako ɗaya da ƙarshen wannan zai taɓa farkon wancan, mu ga rawaya da safe, mu ƙetara Tuti mu ga ja da la'asar. Kalandar nan nake so in ba shi cikakkiya a yini ɗaya. Ya ce sau ɗaya ya isa, ni kuma na ɗauki sau ɗayan nan na ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Kakar farko muka sa wata Juma'a. Inna ta ce dattijo ba ya fita rihla hannu sake kamar wanda aka kora, sai da tabarma da murhun gawayi da jabana, butar dafa gahawa. Tun Laraba ta soya 'ya'yan gahawar ta daka da citta, ta aika aka yi mata alkawarin nama. Baba ya ba da jallabiyarsa aka goge. Ranar Alhamis na ce bari in je in duba, don kada mu wahalar da shi a banza.

Na sauka a gindin gada na gangara. Ruwa ya ja daga bakin hanya, ƙasa ta fara tsagewa, masu shayi sun jera kujerunsu. Akwai iyalai biyu ko uku a zaune. Na fito da katin fenti na ɗaga shi ina gwadawa. Na ƙirga itace ashirin, na rubuta nawa ne suka cika da fure, nawa ne rabi. Daga nan na wuce Tuti, na tarar da baraziliya kore shar, in ban da ganye ɗaiɗai. Na dawo gida bayan la'asar.

Inna tana tsakar gida tana wanke finjalai. Ta ce, "Da ƙarfe nawa za mu fita?"

Na ce, "Inna, ina ganin bai yi ba tukuna."

"Me ne ne bai yi ba? Tuwo ne?"

"Dajin. Bai kai ba. In muka ƙara kwana goma zai fi, kuma wataƙila na Tuti ya fara."

Baba yana kan angarib, gadon igiyar da yake hutawa a kai, ya ɗora jallabiyar a gefe don kada ta yamutse. Ya ce, "Babu rawayar ne sam?"

"Akwai, Baba. Amma kamar rabi."

"Ni da ban taɓa ganin kwata ba, rabi zai yi mini kaɗan?"

Na fara yi masa bayanin layukan nan biyu. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce da Inna, "Mayar da jallabiyar akwati. Ustaza ta ce itatuwa ba su gama shiri ba, kada mu shigar musu ba sallama."

Inna ta ce, "Gahawar da na daka fa? Ƙamshinta zai jira itatuwa?"

Muka sha gahawar a gida ranar Juma'a. Kafin kwana goman su cika aka yi wani hadari na ƙarshen damina, iska da ruwa na sa'a guda. Da na koma dajin furen duk yana ƙasa, ya zama laka. Da sanyi ya shigo baraziliya ta yi ja yadda ban taɓa gani ba. Baba ya ce to mu je mu ga jan kawai. Na ce rabin hoto ne, mu bari baɗi, yanzu na san lissafin. Da bakina na ce baɗi. Ya dube ni ya yi murmushi.

Kaka ta biyu ba ni kaɗai ce da laifi ba, ko da yake ina tsoron wannan jimlar, don na daɗe ina fakewa a bayanta. Ruwa ya daɗe bai ja daga dajin ba. Hanyoyin Mayo sun zama taɓo, zazzaɓi yana kwantar da mutane gida gida, ina tunanin sauro da santsi da dattijon da ba ya ganin gefensa. A shekarun nan kuma ana yawan rufe gadoji ba sanarwa, mutum ya fita da safe bai san ta inda zai dawo ba. Sau uku na je dubawa ni kaɗai. A karo na uku na ga abin ya kusa, muka sa rana. Ana jibi za mu tafi, maƙwabcinmu na jikin katanga ya rasu. Aka kafa rumfar zaman makoki a ƙofar gidanmu, don tamu ta fi fili. Inna ta ce ko bayan an tashi daga zaman, ba za ta ratsa ƙofar matar mamaci da jabana da tabarmar shan iska a kai ba, sai an kwana biyu. Gaskiyarta ne, kowa a unguwar haka zai yi.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne daɗin da na ji. Ina raba ruwa a rumfar mata, zuciyata sakayau, don an ɗauke mini yanke hukunci. Baraziliya ba ta juya ba a makon, na riga na duba, da mun je da rabin hoto za mu sake samu. Mutuwar bawan Allah ta rufa mini asiri.

A tsakanin nan Baba ya fara miƙa wa mai gyaran agogo allura ya zura masa zare. Sai wata rana wani ya dawo da markub da ya saya, ya ajiye a gabansa: ƙafar dama ja mai duhu, ta hagu ta fi kusa da ruwan goro. Daga fata biyu daban ya yanka bai lura ba. Mai gyaran agogo ne ya ba ni labari daga baya, ya ce Baba ya juya takalman a hannu, ya kai su dab da fuska, ya yi dariya ya ce sabon yayi ne. Mako biyu bayan haka ya tattara basillarsa ya dawo gida. Ya ɓamɓaro shafin kalandar ya zo da shi, Inna ta manna masa a bangon ɗaki, saitin inda yake kwanciya.

Na ga duk wannan. Na ƙara yawan zuwa dajin. Littafin ya kusa cika.

Kaka ta uku Inna ba ta tambaye ni ba. Wata Alhamis na shigo da littafina, ta tare ni a zaure, ta yi ƙasa da murya.

"Gobe za ki kai shi."

"Inna, furen ya fara zuba, na Tuti kuma..."

"Ko toka ce a kan itatuwan gobe za ki kai shi. In ba za ki iya ba ki faɗa mini motar da ake hawa. Ni ban yi jami'a ba amma na san hanyar gada."

Ba a yi nama ba wannan karon. Ta zuba gahawa a fulas, ta naɗe tabarma ɗaya. Ta ce ita ba za ta ba, ƙafarta na ciwo, amma ina jin ba ta so ta gani ne. Da sassafe na riga na ƙetara Tuti na dawo da ganyen baraziliya guda biyu a cikin littafin, ɗaya ja da na tsinta a ƙasa, ɗaya kore da na tsinka. Na gaya wa kaina don in nuna masa bambancin ne.

Muka hau hafila zuwa Suk al-Arabi, muka canja wata. Yana riƙe da kafaɗata wajen sauka, yana cewa don cunkoso ne. Muka gangara a hankali. Dajin ya wuce lokacinsa, rawaya tana nan jefi jefi a can ciki wajen ruwa, ta hannun hagu. Na shimfiɗa tabarma, wata mai shayi ta kawo masa kujera ta ce, "Zauna a nan, Haj, ƙasa da sanyi." Ba wanda ya tambaye shi abin da yake nema.

Ya zauna ya ja numfashi. Ya ce, "Bagaruwa. Kamar ina bayan gidanmu na Jazira, tsoho yana jiƙa fata." Ya ƙara shaƙa. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna. "Masha Allah, Ustaza. Ruwan ɗorawa sak. Ga shi can ya zuba a kan ruwa, yadda kika ce."

Hannun dama ya nuna. A wajen babu fure, babu ruwa. Ƙafar gada ce ta siminti, rana ta haske ta.

Wata 'yar da ta fi ni hankali da ta ce, e Baba, ga shi can. Da ta zuba masa gahawa. Ni ban iya barin abu ban tabbatar ba. Na ce a raina wataƙila haske ne ya ruɗe shi, wataƙila yana ganin na kusa. Na buɗe littafin na ɗora masa ganyen nan biyu a cinya.

"Baba, ga na Tuti na kawo maka. Wanne ya fi kama da na kalanda?"

Bai sunkuya ya duba ba. Ya ɗauki ɗaya ya murza tsakanin yatsu, yadda yake murza fata a kasuwar Umdurman kafin ya taya. Ya ɗauki ɗayan ya murza. Ya miƙo mini jan.

"Wannan. Ya bushe, jijiyarsa ta taso." Ya kakkaɓe cinyarsa. "Na ci jarrabawar?"

"Baba, ba haka..."

"Rubuta a littafin. Ki sa rana da wata." Muryarsa ba ta tashi ba. "Na zo ne don ki sauke alkawarinki, ki huta. Da kin bar ni na gama yi miki shi da kyau."

Na zuba gahawar, wata ta zube a tabarma. Ya sha finjali biyu. Ya yi hira da mai shayi a kan garinsu, ya gaya mata yadda ake gane 'ya'yan bagaruwa masu kyau. Da azahar ya ce mu tafi kada mu rasa mota. A gida Inna ta tambaye shi yaya, ya ce, "Wuri mai kyau. 'Yarki ta san aikinta." Inna ta dube ni, na shige ɗaki.

Ba a kai wata kakar ba yaƙi ya tashi. Ba zan ba da labarinsa a nan ba, waɗanda suka fi ni gani suna da yawa. Mun zauna a Mayo wasu watanni kafin mu samu fita. Gas ya yanke tun farko, kowa ya koma gawayi da itace, masu amalanken jaki suna shigowa da shi daga inda ba a tambaya. Wata safiya Inna ta hura wuta da wasu guntayen itace masu nauyi, jajaye a ciki, ɗanyu, suna ta hayaƙi. Baba yana kan angarib ya ɗaga kai.

"Wannan bagaruwa ce. Ɗanya ma." Ya juyo wajen da yake jin motsina. "Ustaza, ga dajinki ya biyo mu har gida."

Ba zan iya rantsewa daga Dajin Sunut itacen ya fito ba. Akwai bagaruwa a wasu wuraren a bakin kogi, kuma tsakanin Mayo da can akwai nisa da shingaye. Na fara faɗa masa haka, sai na ji abin da nake yi, na yi shiru. Da itacen muka dafa wake muka ci, kuma na ci na ƙoshi.

Yanzu iyayena suna wurin dangin Inna a gabas. Baba ba ya ganin komai sai bambancin rana da inuwa. Da hanya ta buɗe na koma Hartum ni kaɗai in duba gidan. Shafin kalandar yana nan a bango, shi kaɗai ba wanda ya ga amfanin ɗauka. Na hau mota zuwa Umdurman neman wata 'yar uwa, muka hau gada, na leƙa ta taga a inda Baba ya yi shekara talatin yana leƙawa. Kututture ne, jere, har bakin ruwa, da ƙasa fara. Wataƙila akwai sauran itatuwa a can ciki da ban hango ba, motar tana gudu. Ban sauka na ƙirga ba. Tuti ban je ba.

Da na dawo Baba ya tambaye ni gidan, ya tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko na ji labarin mai gyaran agogo. Ya san ta gadar na bi, ni na gaya masa. Bai tambayi dajin ba. Har yau ina jira ya tambaya, na shirya amsa iri uku, ba ya tambaya. Ustaza yake ce mini har yanzu, ban kuma iya gane ko da wasa yake faɗa kamar da.

Abu ɗaya nake nema, shi ya sa na rubuta wannan. Alhamis ɗin nan ta kakar farko, kaka ta uku kafin yaƙi, ranar da na tsaya da katin fenti na ce bai yi ba. Adadin da na ƙirga yana cikin littafin da ya ɓata. Wani lokaci in na tuna sai in ga rabin itatuwan kore ne, in ce hukuncina yana da dalili. Wani lokaci kuma sai in ga dajin gaba ɗaya rawaya, har kan ruwa, iyalan nan suna zaune a ƙarƙashi ba wanda ya ga abin da ya rage. A lokacin Baba yana rabe jan karan dafi da garura daga taku biyar.

Akwai masu shayi a wurin ran nan, akwai masunta, akwai waɗanda suka zo da 'ya'yansu, akwai dubban da suka wuce ta kan gada. In wani a cikinsu ya karanta wannan, ko aka karanta masa, ya tuna yadda dajin yake a makon da ruwa ya fara ja, ina roƙo ya aiko mini ta hannun waɗanda suka buga shi. In na yi kuskure a sunan itace ko lokacin furensa ko tsarin shekarun, a gyara mini, zan karɓa. In kuma dajin ya riga ya cika a ranar, kada a tausaya mini, a faɗa mini haka.